Kujerar Baya

Kakana Arzika tela ne, ba soja ba,
amma ran da aka zo ɗibar maza a Maradi
ba a tambayi sana'a ba, ƙwauri aka duba da haƙori.
Sai can bayan teku wani mai igiya a hannu
ya gan shi yana yi wa wandonsa maho,
ya ce: kai, biyo ni.

Ya bi shi har rumfar da jiragen ke kwana.
Yakan ce mana: kada ku yarda da mai cewa ƙarfe ne.
Itace ne da zane, da waya, da ƙaro,
fiffike bisa fiffike, kamar an ɗora gadon kara kan ɗan'uwansa,
da gurbi biyu a gadon baya,
kowanne bai fi bakin randa ba.
Na gaba na mai tuƙi.
Na baya na mai bindiga.

Da asuba su tashi,
kafin azahar su dawo, in sun dawo.
Shi kuwa ya zagaya da lanƙwasasshiyar allura
yana ƙirga hudar harsashi kamar mai bin bashi.
Sha ɗaya wata Laraba.
Talatin da biyu ran da aka ciro yaron baya,
wanda ko gemu bai tsiro ba,
wanda ke ba shi sukari a ɓoye.
Ya wanke gurbin. Ya ɗinke zanen.
Ɗinki takwas a tsawon gaɓar yatsa, in ji shi,
don iskar sama ba ta karɓar uzuri.

Sau ɗaya tak ya hau.
An sake fiffike, ana son gwaji,
buhun yashin da ake azawa a baya ya yage.
Mushe Ribo ya dube shi daga hula har takalmi,
ya ɗaga kafaɗa: nauyinku ɗaya.

Muka ce, Kaka, me ka gani?
Ya tauna goro har muka ƙosa.
Ya ce: sun juya ni na dubi wutsiya, yadda mai bindiga ke yi,
kuma na baya ba ya ganin inda za shi,
sai inda ya baro.
Gonaki sun koma maho-maho kamar bargon talaka,
mutane kamar riɗi da aka watsa a faifai.
Amma ni ba ƙasa na sa wa ido ba,
ɗinkina ne, yana karkarwa a iska,
ina ce masa: riƙe, ɗan halas, riƙe.

Da ya dawo ya shimfiɗa tabarma a kasuwa,
ƴan Bagalam suka yi ta dariya:
zane ya tashi da ƙato?
Ƙarya fure take, ba ta ƴaƴa.
Suka laƙa masa Shirwa, ya amsa.
Yana da hoto guda, shi a tsaye gefen fiffike,
rabin fuskarsa a waje.
Shekarar da gulbi ya ci gari
ruwa ya tafi da hoton, da akwatin,
da awaki biyu na kakata Tasalla.
Ita ta yi kukan awaki har kaka.
Shi ya haura tudu da allura a soke a hula,
bai waiga ba, in ji ta,
wai ya gama nasa waigen tun a sama.

Yau allurar tana hannuna.
Tamfal nake ɗinka wa manyan motoci
a bakin hanyar Damagaram,
direbobi na cewa na cika nawa,
ga buhunan wake suna jira, ga hadari ya haɗo.
Ban taɓa hawa jirgi ba.
In wani ya gifta zuwa Yamai
yaron shagona ya saki zare ya ɗaga kai, baki buɗe.
Na bar shi ya gama kallo,
sannan na jawo hannunsa na aza bisa ɗinkin:
ƙirga mini.
Ya ce shida.
Na ce warware.